Abin da Na Gani a Ruwan Tarauni

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Har na yi gemu ban taɓa jin Inna ta kama sunana ba. "Kai" ne, ko "yaron nan", ko tuwo za ta miƙo mini sai ta kau da kai gefe. Baba ma haka yake. Ina zaune a gabansa zai juya wajen Kaka, mahaifiyarsa, ya ce, "A ce wa yaron nan ya kai fartanya wajen maƙeri." Kaka ta juyo ta maimaita mini da ƙarfi, sai ka ce kurma ne ni. Ita kaɗai nake iya sakin baki da ita a gidan, to amma ita kuma abin da ke tsakaninmu wasa ne zalla, irin na kaka da jika. Ni ne mijinta marowaci wanda bai taɓa saya mata goro ba, ita ce amaryata mai haƙora uku. Tun ina rarrafe muke haka, ban kuwa taɓa ganin aibin abin ba sai a shekarar da zan ba da labarinta.

A lokacin, 'yan shekaru kafin Turawa su tattara nasu ya nasu, Gyaɗi-Gyaɗi ƙauye ce. Wanda ya san ta yanzu, da shaguna da 'yan adaidaita sahu suna cika wa mutane kunne da hon, zai ce ƙarya nake yi. Gidajen ƙasa ne 'yan kaɗan, sai gonaki, sai hanyar jakuna. Gonar Baba tana can wajen Tarauni, da ɗan nisa, a gefenta kuma akwai wani kududdufi da ke cika da damina. A gida ruwan rijiya muke sha. A gona kuwa, in ruwan goran Baba ya ƙare, kududdufin nan yake gangarawa ya cika shi.

Ciwon Baba kurkunu ne. Shekara ɗaya ya kwantar da shi, shekara ɗaya ya ƙyale shi, kuma bai taɓa zuwa da rani ba. Sai an yi shuka, ciyawa ta taso, sannan ƙafar za ta kumbura. Kaka cewa take yi a jininsa yake, wai haka kakana ma ya yi fama. Daminar da ta gabata wata biyu cur ya yi a kan tabarma, kullum ana naɗe tsutsar kaɗan-kaɗan a jikin tsinke, yana cije baki. An yi mana gayya sau ɗaya, amma kowa da tasa gonar. Ciyawa ta cinye geron, kafin bazara rumbu ya koma fayau. Ƙannena uku duk mata ne, ƙanana. Da ya samu ya miƙe sai ya ce da Kaka, ina tsugune a gefe ina jinsa, "A ce wa yaron nan, in abin nan ya sake kwantar da ni, boko ta ƙare. Ya zo ya kama fartanya."

Ba da faɗa ya faɗa ba, ni ma har gobe ban ga laifinsa ba. Amma ina son makarantar nan, wallahi ina sonta. Burina in gama in zama malamin asibiti. Don haka nake jure tafiyar: daga idar da sallar asuba in kama hanyar cikin gari a ƙafa, da damina taɓo har idon sawu, in isa aji a gajiye, in dawo da la'asar a gajiye, in ajiye littattafai in ɗauki wani aikin. In na tuna shekarun nan, gajiyar ce take fara zuwa mini kafin komai.

Malaminmu na ilimin halittu mutumin Kudu ne, Kirista, siriri mai tabarau, daga Sabon Gari yake zuwa a kan keke. Turancinsa da sauri yake, Hausarsa kuwa ta kasuwa ce, mace ta zama namiji, namiji ya zama mace. A farkon daminar nan, wadda ita ce shekarar hutun ƙafar Baba, ya shigo aji rungume da wani akwatin katako kamar mai ɗauke da jariri. Ya buɗe ya fito da baƙar na'ura mai bututu. Mu madubin likita muke ce mata. Ya nuna mana inda ake kafa ido a sama, da farantin da ake ɗora ɗan gilashi mai faɗi, da ƙaramin madubin da ke ƙasa wanda ake juyawa ya kamo hasken taga. A gefe akwai kunnuwa biyu da ake murɗawa, babba da ƙarami. A kansu ya ja mana kunne sosai. Ya ce bara wani yaro ya murɗa babban har bututun ya sauka ya fasa gilashi, don haka kowa ya sa hannunsa a baya.

Shi yake saitawa. Ya cire tabarau, ya kafa ido, ya yi ta murɗe-murɗe har ya gamsu, sannan mu yi layi, mu talatin da wani abu, na'ura ɗaya. Kowa ya leƙa na ɗan lokacin da bai fi a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Ranar farko fatar albasa ce. Da layi ya zo kaina na runtse ido ɗaya na leƙa. Ban ga komai ba sai wani fari dishi-dishi, da wasu baƙaƙen layuka suna motsi. Daga baya na gane gashin idona ne.

"Ka gani?" in ji Malam.

"Na gani, Malam."

To me zan ce? Babba ya sha wahala ya saita abu da hannunsa, ya tambaye ka ko ka gani, ka buɗe baki ka ce ba ka gani ba? Ai ka ce bai iya ba ke nan. Ba a haka aka rene mu ba. Wanda ke gabana ya ce ya gani, wanda ke bayana ya ce ya gani, kowa yana zaton shi kaɗai ne makaho. Muka koma benci, muka buɗe littafin karatu, muka kwafi hoton da ke ciki tsaf, har da ɗigon tsakiya. Malam ya duba ya yi ta murna, wai bai taɓa samun aji mai kaifin ido irin namu ba.

Sati na biyu ya kawo wani ruwa a kwalba, ya ɗiga a gilashi. Ya yi dogon bayani da Turancin nan nasa mai gudu, ya rubuta wani suna mai tsawo a allo. Ni a ranar barci ne ya cika mini ido, don kafin in taho sai da na kai wa Baba iri gona. Na kwafi sunan, na leƙa, na ga farin nan nawa na kullum, na ce na gani. Haka muka yi ta yi, ganye yau, ƙafar ƙuda gobe, sati shida. A sati shidan nan Baba yana can Tarauni yana noman fari, rana tana dukansa, goransa yana ƙarewa kafin azahar.

Ban san abin da ya sa Malam ya fara zarginmu ba. Wataƙila zanen ne ya yi kyau da yawa. Wata ranar Laraba ya ɗora gilashi, ya ce fatar albasa ce za mu maimaita, muka yi layi. Kowa ya leƙa ya ce ya gani. Muka zana, ya bi benci-benci yana dubawa. Da ya gama sai ya zare gilashin ya ɗaga shi sama wajen taga. Wayam! Babu komai a kai, wankakke ne tas.

Mun zaci bulala ce za ta yi aiki. Ina! Kujera ya ja ya zauna, ya cire tabarau, ya dafe goshi. Sannan ya ce da Hausarsa, a hankali, "Sati shida ni yana magana da bango. Don me ba ku faɗa?"

Can wani daga baya ya ce, "Malam, kunya muka ji."

"Kunya," in ji shi, ya girgiza kai. Na ga gajiya a fuskar mutumin nan irin wadda na saba gani a fuskar Baba, sai na ji tausayinsa ya kama ni fiye da tsoro.

Daga ranar ya sake tsari. Ya ce ashe laifin har da nasa, don idonsa daban, namu daban, abin da ya saita wa kansa ba lalle ya yi wa wani ba. Kowa zai murɗa ƙaramin kunnen da hannunsa. Ya hana runtse ido, ya ce a buɗe duka biyun. Ya hana cewa "na gani", sai dai ka faɗi abin da ka gani, ƙafa nawa, wane launi, ina ya dosa. Sannan ya ce kowa ya kawo ruwa daga inda mutanen gidansu suke sha. Ni ban ɗebi na rijiya ba. Ran Juma'a da na je taya Baba maimai, wato noma na biyu, na faki idonsa na cika 'yar kwalbar tawada da na wanke a kududdufin nan.

Da layi ya zo kaina na ɗiga ruwan nan a gilashi. Na juya ƙaramin madubin har haske ya cika bututun. Na kama kunnen na murɗa kaɗan, farin ya ƙara dusashewa. Na koma baya. Na ƙara. Sai kawai abu ya fito ɓaro-ɓaro, har na ja da baya na taka na bayana. Wata halitta ce mai jiki kamar ƙwai, da ƙahoni biyu dogaye, da wutsiya mai reshe, da jan ido guda ɗaya tak a tsakiyar goshi. Tana tsalle, zuruf, ta ɓace, ta dawo.

"Me ka gani?"

"Dabba, Malam! Ido ɗaya gare ta, ƙaho biyu, tana tsalle!"

Ya leƙa, ya ɗago, ya tambaye ni inda na samo ruwan. Na faɗa masa. Sai ya sunkuya ya naɗe ƙafar wandonsa, a gaban aji, ya nuna mana wani tabo a idon sawunsa. Na san irin tabon nan, Baba yana da huɗu. Ya ce, "Kurkunu. Ƙwan shi yana cikin cikin wannan abu. Mutum ya sha ruwa, ya haɗiye shi, shekara ɗaya tsutsa ya fito a ƙafa. In ka tace ruwa da ƙyalle mai kyau, ba ya wucewa. Na faɗa muku wannan tun sati na biyu."

Na buɗe littafina. Ga dogon sunan nan da hannuna na rubuta, ga zanen da na kwafa, har Malam ya sa mini maki mai kyau. Nan take lissafin ya zo mini: shekarar da Baba yake kwance a gida, ruwan rijiya yake sha, shi ya sa ta gaba yake tashi lafiya. Shekarar da yake lafiya kuma, yana gona yana shan kududdufi. Ba jini ba ne, ba gado ba ne. Kuma bana ce shekarar shan.

Ranar da gudu-gudu na dawo Gyaɗi-Gyaɗi. Sai da na shiga zaure sannan na tsaya cak, don ban san wanda zan faɗa wa ba. Baba? Ni ɗan fari in tsaya gabansa in ce masa ga yadda zai sha ruwa? Ko gaisuwa da kai a ƙasa nake yi masa. Na nufi Inna tana tankaɗe, na ce, "Inna, akwai magana." Ta juya mini baya ta ce da ƙanwata, "Ki ce da shi tuwonsa yana ɗakin Kaka." Saura mutum ɗaya ke nan.

Na tarar da Kaka tana kaɗi a inuwa. Na zauna na kwashe komai na faɗa mata, da ƙaho da wutsiya da jan ido. Ta ajiye mazari ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye.

"Kai, maigida! Goron ne ba za ka saya ba, shi ne ka zo mini da tatsuniya da rana tsaka? Dabba mai ƙaho a cikin ɗigon ruwa! To a ina take kwana?"

"Kaka, wallahi ba wasa nake yi ba."

"Ka ji shi, har da rantsuwa. Shekara saba'in ina shan ruwa, ban taɓa jin ƙaho ya soke ni a maƙogwaro ba."

Ba laifinta ba ne. Duk abin da ya taɓa fitowa daga bakina zuwa kunnenta zolaya ce, don me wannan zai zama daban? Kafin magariba ta ba maƙwabta labari, washegari matan unguwa suna tambayata lafiyar dabbata. Na sake gwadawa bayan kwana biyu, ta ce in na kamo ta in kawo a yi mata sadaki da ita.

Da na ga haka sai na ɗauki wata dabara. Kullum da asuba in cika tulu da ruwan rijiya in kai gona Tarauni, in ajiye a gindin dorawa, sannan in juyo in kama hanyar makaranta. Tafiya ta zama biyu. Ina isa a makare, ina shan bulala a bakin ƙofa, ina gyangyaɗi a aji. Baba bai tambayi wanda ke kawo tulun ba, ni ma ban ce komai ba. Wata rana ma na tarar jakin maƙwabcin gona ya ture shi. Sati uku na yi a haka, na rame, wuyana ya ƙage. Na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Wata la'asar na dawo ƙafata duk taɓo, Kaka ta tare ni da cewa, "Sannu da zuwa, mijin mai ƙaho." Ban san lokacin da abin ya ƙwace mini ba. Na yi mata tsawa, ni da ban taɓa ɗaga murya a gidan nan ba. Na ce, "Ki daina! Ɗanki ne yake sha! In ya kwanta baɗi ni za a cire daga makaranta, ke kuma kina dariya! Ƙyalle kawai za a ɗaura a bakin gora a tace, ƙyalle kawai!" Sai kuka ya zo mini, ƙato da ni. Inna ta daina daka. Kaka ta kalle ni baki buɗe. A bayan zana kuma na ji ƙarar da nake ji tun shigowata ta tsaya. Ashe Baba ne yake gyaran ƙotar fartanya. Kunya ta rufe ni, na shige ɗaki. Ba wanda ya sake tayar da maganar, ni ma na daina kai tulu. Na ce a raina na yi iya yina.

Damina ta wuce, aka yi girbi mai kyau, rani ya zo ya wuce. Na zama na ɗaya wajen saita madubin nan, har Malam yana sa ni in nuna wa wasu. Amma duk sanda Baba ya wuce, ƙafarsa nake kallo.

An yi shuka da sati biyu, wata safiya na ga yana ɗingishi. Kwana uku bayan haka ƙurji ya yi ruwa a idon sawunsa na hagu, ya fashe, farin kan tsutsar ya leƙo. Ba a ma sake aiko mini da saƙo ba, na riga na sani. Na kai littattafan makaranta na mayar. Malam ya rako ni har bakin ƙofa yana tura kekensa, ya rasa Hausar da zai yi mini, sai ya dafa kafaɗata kawai ya ce, "Sannu."

Washegari da sassafe na ɗauki fartanya. Na shiga zaure in ɗauko goran Baba inda yake rataye shi, abin da ban taɓa taɓawa ba. Sai na ga wani ƙyalle ɗaure a wuyansa da igiya, an ninka shi biyu. Asalinsa fari ne, amma ya koma ruwan ƙasa, tsakiyarsa har ta fara cinyewa saboda amfani. Na gane saƙar. Daga rawaninsa na Sallah aka yanko shi.

Kaka tana tsaye a bayana. Ta ce, ba wasa a muryarta, "Tun ranar da ka yi mini tsawa ya yanke shi. Bai sake shan ruwan can ba sai ya tace. Ya ce kada a faɗa maka."

Na tsaya riƙe da goran. Ashe ya ji, ashe ya yarda. Sai dai abin ya riga ya shiga cikinsa tun a satuttukan da nake tsaye a layi, hannuna a baya, ina cewa na gani.

Ban koma makaranta ba. Kurkunu bai sake kama Baba ba har ya bar duniya, amma da ya warke an riga an wuce ni, kuma gonar ta saba da hannuna. Abin da ya rage mini shi ne wata yamma a daminar nan. Na dawo daga gona hannuna duk kanta, na tarar Kaka tana naɗe masa tsutsar a tsinke. Na durƙusa na gaishe shi, zan tashi ke nan sai ya ce da ita, yana kallon bango, "A tambayi yaron nan, da gaske dabbar ruwan nan ido ɗaya gare ta?"

Kaka ta buɗe baki za ta maimaita. Ban jira ta ba.

"Ɗaya ne, Baba. Ja. Na gani."

Ya gyaɗa kai, bai kalle ni ba. Kaka ta ci gaba da naɗi, ni kuma na je na wanke ƙyallen na shanya, don da asuba zan koma da shi.